Sawun Giwa a Dajin Yankari

1. Alkawarin Auta

An rufe makarantu, babban hutu ya zo, damina ta kankama. A wani gida na unguwar Birni, cikin Damagaram, akwai yara uku ƴan makaranta. Akwai babban, wanda ƙannensa suke ce wa Yaya, yana aji 6. Akwai Kande, tana aji 4. Sai Auta, shi kuwa bana ya gama aji 2.

Babansu tela ne, amma yana da gona a bayan gari. Kawunsu, ƙanen Inna, yana zaune a Bauci, cikin Najeriya. Shekara uku ke nan yana aiko da saƙo: «Ku kawo mini yaran nan in kai su dajin Yankari su ga giwa.» Baba ya yi ta tara kuɗin mota da kaɗan-kaɗan. Bana suka cika.

Tun kafin a rufe makaranta Auta ya cika baki a aji. Ya ce shi zai ga giwa da idonsa. Yara suka yi masa dariya. Malaminsu bai yi dariya ba, ya ce: «To, madalla. In ka dawo, sai ka gaya mana tsayinta.»

Da aka gama maimai, cikin watan Agusta, Baba ya bar gona a hannun ƙanensa, suka shiga mota. Suka bi ta Matamai, suka nuna takardunsu a kan iyaka, suka wuce Daura, suka kwana Kano. Washegari suka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, suka isa Bauci da la'asar.

Kande ce ta zauna wajen taga. Ta lura da wani abu: suna ƙara yin kudu, gero yana raguwa, dawa da masara suna ƙaruwa, itatuwa kuma suna ƙara tsawo da duhu. Dalili shi ne ruwan sama. A Damagaram akan sami wajen milimita 400 a shekara. A ƙasar Yankari kuwa akan sami 900 zuwa 1000. Ku riƙe wannan lissafi, za mu sake buƙatarsa.

2. Masu gida sun tarye su

Bayan kwana biyu Kawu ya ɗauke su a motarsa. Suka bi hanyar Gwambe, suka ratse dama a Dindima, suka isa ƙofar daji a ƙauyen Mainamaji.

Yankari gandun daji ne, wato daji da hukuma ta keɓe domin namun dawa. Ba a farauta a cikinsa, ba a noma, ba a kiwo, ba a saran itace. An keɓe shi a shekarar 1956, aka fara barin baƙi su shiga a 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, a 2006 kuma aka mayar wa jihar Bauci. Girmansa murabba'in kilomita 2244 ne, kamar fili mai kusurwa huɗu wanda kowane gefensa ya ɗan fi kilomita 47. Mu ma a Nijar muna da irinsa, wato gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954 a bakin kogin Kwara.

Daga ƙofa zuwa masaukin baƙi na Wikki tafiyar fiye da kilomita 40 ce. Auta ya manna fuska ga gilashi, yana jiran giwa. Ba ya ganin kome sai ciyawa da itatuwa: ga marke, ga kawo, ga taura.

Da suka isa masauki, sai ga gadu guda uku suna kiwo a gaban ɗakuna, sun durƙusa a kan gwiwoyinsu na gaba, ko kallon mutane ba su yi. A bisa rufin ɗaki kuma ga bika, irin manyan biran nan masu baki kamar na kare. Wani ma'aikaci ya ce: «Hajiya, a rufe ƙofa, a ɓoye abinci.» Bai rufe baki ba sai wani ƙaton bika ya diro, ya fizge ƙunshin ƙuli-ƙuli daga hannun Auta, ya haye bishiya. Auta ya fasa kuka. Yaya ya sunkuya zai ɗauki dutse, ma'aikacin ya riƙe hannunsa.

«Kada ka jefe shi, samari. Haƙoransa sun fi na kare tsawo. Kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Baƙi ne suke miƙa musu abinci don su yi dariya, har suka saba. Biri in ya saba da hannun mutum, ya daina tsoron mutum.»

3. Ruwan da ba ya sanyi

Da maraice suka gangara wasu matakala zuwa maɓuɓɓugar Wikki. Ruwa ne yake fitowa daga gindin wani dogon dutse, garau kamar hawaye, har kana hango farin yashin da ke ƙasansa. Kande ta tsoma ƙafa, ta yi sauri ta cire.

«Inna, da ɗumi! Wa ya hura masa wuta?»

Ba wanda ya hura. Ruwan sama ne yake nutsewa cikin dutsen, ya yi nisa ƙwarai a ƙarƙashin ƙasa. Cikin ƙasa kuwa, iyakar zurfi iyakar zafi. Can ruwan yake ɗumama, sannan ya sami kafa ya fito. Shi ya sa ɗuminsa ba ya sakewa: digiri 31 ne da rana, 31 ne da dare, ko da ɗari ko da bazara. Kowace rana lita miliyan 21 ke fitowa, su gangara zuwa kogin Gaji.

Inna ta daɗe tsaye tana kallo. Ita da ta san layin famfo a Damagaram da bazara, da yadda ake sayen ruwa wurin ƴan garuwa, ba ta ce kome ba sai «Ikon Allah!» Yara suka yi wanka a wurin da ba zurfi, Kawu yana tsaye kusa da su.

4. Ina giwar?

Da asuba suka shiga wata buɗaɗɗiyar mota, tare da ɗan rakiya, wani dattijo ma'aikacin gandun daji. Ya ce musu: «Ba mai sauka sai na ce a sauka. Ba mai ɗaga murya. Wanda ƙudan tsando ya ciza, ya yi haƙuri.»

Suka yi ta tafiya. Gamba ta yi tsawo, ta fi mota. Suka ga zabin daji sun tsallake hanya. Suka ga gwambaza biyu a tsaye, suka ga wani mazo ya yi wuf ya shige duhuwa. Can nesa Yaya ya hango bayan ɓauna. Rana ta ɗaga, babu giwa. Auta ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa.

Baba ya ce: «Malam, daga Damagaram muka taso saboda giwa. Ko dai babu su ne?»

Dattijo ya ce: «Akwai su, maigida. Sai dai kun zo a lokacin da ya fi wuyar ganinsu. Bari in tambayi ƴan makaranta. Da rani, a ina dabbobin garinku suke taruwa?»

Kande ta ce: «A bakin rijiya.»

«Da damina fa?»

«Ko'ina, tun da kowane tabki akwai ruwa.»

«To, haka namun daji suke. Da rani, tafkunan daji duk sun ƙafe, sai kogin Gaji kaɗai, domin maɓuɓɓugai irin na Wikki suna ciyar da shi. Dole kowace dabba ta zo bakinsa. Ciyawa kuma ta bushe, kana gani har nesa. Amma yanzu ruwa ko'ina, abinci ko'ina, dabbobi sun watsu. Giwa tana iya tsayawa nan, taku ashirin daga gare mu, ba mu gan ta ba.»

Ruwan saman nan mai yawa, wanda ya sa dajin ya yi kyau, shi ne ya ɓoye musu giwa. Hutun makaranta kuwa da damina yake zuwa. Kawu ya sosa ƙeya, don shi da rani ya taɓa zuwa, bai yi wannan tunani ba.

Dattijo ya ƙara da cewa giwayen ma sun ragu. A wajen shekarar 2005 sun haura 300. Ɓarayin farauta suka yi ta kashe su saboda haure. Masu lura da dajin sun ƙiyasta waɗanda suka rage tsakanin 100 da 150. Zakuna ma ƴan kaɗan suka saura. Sai ya dubi yaran ya ce: «Ku ai kuna da abin da ba mu da shi. Irin raƙumin dawa na Afirka ta Yamma ya ƙare ko'ina, sai a ƙasarku.» Gaskiya ya faɗa. Suna nan a yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai. A 1996 saura 49 kawai. Da aka tsare su, suka hayayyafa har suka wuce 600.

Suna cikin haka, sai dattijo ya buga jikin mota, direba ya tsaya. Ya sauka shi kaɗai. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya kasa kunne, ya daɗe. Sannan ya yafuto su.

A cikin taɓo, tsakiyar hanya, ga wasu ramuka kamar an danna faifai. Auta ya sa ƙafafunsa duka biyu cikin guda, suka shige har da saura.

Dattijo ya ce: «Ga giwarka, yaro. Ta bar maka wasiƙa. Kun iya karatu?»

Ya nuna musu da sanda. Sawun ƙafar gaba kewayayye ne, na ƙafar baya kuwa ya ɗan yi tsawo kamar ƙwai. Inda taɓo ya tono ya yi tsini, nan ne farata, can ta nufa. Gefen sawun bai rushe ba, ruwa bai taru a ciki ba, ga shi kuwa an yi ruwa da tsakar dare. Ashe bayan ruwa ta wuce, da asubar nan.

«Akwai mai abin awo?»

Tela ba ya rabuwa da mitarsa. Baba ya zaro ta daga aljihu. Dattijo ya ce a kewaya bakin sawun ƙafar gaba. Yaya ya kewaya, ya karanta: mita 1 da santimita 20.

«To, ku ninka sau 2. Abin da kuka samu, kusan shi ne tsayin giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa.»

Kande ta riga kowa: «Mita 2 da santimita 40!»

Kusa da babban sawun akwai wani ƙarami. Da aka auna, santimita 50. Auta ya ƙirga da yatsu, ya ce: «Mita 1. Na fi shi tsayi!» Dattijo ya yi dariya ya ce: «Ka fi shi tsayi, amma kada ka nemi kokawa da shi. Ran da aka haife shi ya kai kilo 100. Wata 22 ya yi a cikin uwarsa.» Da ganin ƙaramin sawun ya san babbar uwa ce, don toron giwa in ya girma yakan bar garke. Tsohuwar giwa ce take jan garke, ita ta san hanyoyin ruwa da na abinci.

Baba ya tsinke zare daidai kewayen babban sawun, ya ƙulle bakinsa, ya ba Auta.

Gaba kaɗan suka tarar da kashin giwa, tuli guda, yana tururi. Dattijo ya tona da sanda. Ga ganye, ga ɓawon itace, ga ƙwallayen ƴaƴan itatuwa. Ya ce giwa takan ci har kilo 150 a yini, ta sha fiye da lita 100, amma cikinta ba ya narkar da kome da kome. Ƙwallayen da ta zubar sukan tsiro can nesa da uwar bishiya, ga taki a shirye.

Kande ta sunkuya ta ce: «Malam, wannan ba masara ba ce?»

Dattijo ya duba. Fara'ar fuskarsa ta ɗauke. Ya ce: «Masara ce, ƴan mata. Ga shi kuwa ba a noma a cikin dajin nan.»

Sai suka ji ƙarar reshe ya karye, ɓas, can cikin duhuwa. Dattijo ya ɗaga hannu ya ce a hankali: «Mota.» Ba wanda ya yi gardama. Giwa mai ɗa ba a yi mata kusa. Suka zauna cikin mota tsit, suka jira, suka jira. Ba abin da ya fito.

5. Ɗakuna a cikin dutse

Da la'asar aka kai su ganin koguna. Suka bar mota, suka taka da ƙafa zuwa gindin wani dutse mai tsaye kamar bango. A jikinsa ga ramuka jere, ƙofar kowanne wajen rabin mita. Ba ruwa ne ya ci dutsen ba, ba kuma dabba ta tona ba. Mutane ne suka sassaƙa su da hannu, domin dutsen na yashi ne da ya daskare, yana saruwa. Guda 59 ne. Ana kiransu kogunan Marshall, da sunan wani mai bincike da ya ba da labarinsu a 1980. Sunan wanda ya rubuta ne ya bi su, ba na waɗanda suka yi gumin sassaƙa ba.

Auta ya ruga zai cusa kai. Dattijo ya cafke rigarsa.

«Ba a shiga rami da ka. Haske ne yake fara shiga.»

Ya haska tocila, ya bubbuga bakin ramin da sanda. Jemagu uku suka fito fir, suka bi ta kan Inna, ta yi salati. Ya sake dubawa ko da maciji ko kunama, sannan ya ce su shiga ɗaya bayan ɗaya.

Kande ta rarrafa ta shiga. Ƙofa ƙarama, amma ciki ɗaki ne kewayayye, da sanyi, da duhu. A jikin dutsen akwai zane-zane da aka ƙarta, waɗansu miƙaƙƙu, waɗansu a karkace.

Yaya ya ce: «Malam, me ya sa mutum zai bar fili ya zauna a nan?»

«Tsoro, samari. Masana suna ganin mafaka ce ta zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi. In mahara suka taso, sai mutane su bar gari su ɓuya. Ƙaramar ƙofa tana da wuyar gani daga nesa, tana kuma da sauƙin tsarewa.»

Ya gaya musu dajin nan da can akwai mutane. Har yanzu ana ganin kufan wuraren da maƙera suka narka tama, da rijiyoyi fiye da 100 a wani wuri da ake kira Dukke.

Inna ba ta shiga ba, leƙawa kawai ta yi. Da ta ɗago ta ce: «Ni tunanin da nake yi, mace mai goyo. Mahara suna wucewa a ƙasa, yaya za ta yi ta hana jariri kuka?» Kowa ya yi shiru. Auta ya matso ya kama bakin zanenta.

6. Gonar bakin daji

Washegari suka kama hanyar gida. Auta yana ta leƙe har suka fita ƙofa. Babu giwa.

Ba su yi nisa ba sai suka ga mutane sun taru a wata gona. Baba ya ce: «Alhaji, tsaya.» Suka sauka. Masara ce da ta fara nuna, amma rabin gonar a kwance, kamar an yi birgima a kai. Kara a tattake, zangarku a tauna, ga sawu ko'ina. Yara suka gane sawun nan da nan.

Baba ya yi sallama, ya gai da mai gona, ya ce: «Sannu, malam. Allah ya mayar da alheri.»

Mai gona ya ce: «Amin. Shekaranjiya suka shigo, jiya suka dawo. Mun kaɗa gwangwani, mun hura wuta, mun yi ihu har murya ta dushe. Sai da suka ƙoshi suka tafi. Ina da baki tara a gida.»

Giwa ba ta san iyakar gandun daji ba. Da can daji ne har inda ido ya tsaya, yanzu gonaki sun matso har bakinsa. In amfanin gona ya nuna, ƙanshinsa yana jawo ta. A hana manomi kashe giwa daidai ne, amma shi ma a dube shi, don mai jin yunwa ba ya jin wa'azi. A wasu ƙasashen Afirka, kamar Kenya, manoma sukan jera amya a gefen gona, saboda giwa tana tsoron ƙudan zuma. Waɗansu kuma sukan turara barkono.

Baba ya daɗe tsaye. Ya tuna shekarar da fara ta sauka a gonarsa. Ya sa hannu aljihu, ya ba mai gona abin da ya sawwaƙa. Auta kuwa ya zaro zarensa, ya durƙusa, ya kewaya wani babban sawu. Bakin zare ya haɗu daidai. Kusa da shi ga ƙaramin sawu.

Ya ce: «Baba, ita ce.»

7. Ran komawa makaranta

Cikin watan Oktoba aka buɗe makarantu. Yara suka kewaye Auta: «Ka ga giwar? Ka gan ta?»

Ya ce: «Ban gan ta ba.»

Aka fashe da dariya. Malam ya buga tebur, aka yi shiru. Auta ya ce: «Mushe, amma na zo da tsayinta.»

Ya fito da zare. Ya aza bakinsa a ƙasa, jikin bango, ya miƙar da shi sama, malam ya yi alama da alli. Aka aza zaren daga alamar, aka sake miƙarwa. Hannun malam bai kai ba, sai da ya hau benci. Yara duka suka ɗaga kai suna kallon alama ta biyu, can sama da ƙofar aji.

Wani yaro daga baya ya ce: «To, kanta fa?»

Auta ya ce: «Wannan kafaɗa ce kawai.»

Tambayoyi da aiki

Me ya sa ganin namun daji ya fi sauƙi da rani? Da me dattijo ya gane giwar ba ta daɗe da wucewa ba? Me masarar da Kande ta gani ta nuna?

An auna sawun ƙafar gaba na wani toron giwa, aka sami mita 1 da santimita 55. Nawa ne tsayinsa?

Tano guda yana cin lita 200. Tano nawa ruwan Wikki zai cika a rana ɗaya?

Gobe da safe, kafin a fita da dabbobi, ku duba ƙasa a ƙofar gidanku. Ku zana sawu uku da kuka gani a cikin littafinku, ku rubuta mai kowane sawu da inda ya nufa.